Teburin mai shayi, shagon lemu, gidan giya: mi za mu rubuta a taswira, mi za mu bari?



Akwai gardamar da ta daɗe tana tashi tsakanin matasan da ke aikin taswirar OpenStreetMap a garuruwanmu, har yau kuma ba a kashe ta ba. A ido ƙarama ce. Ka tsaya gaban shagon da ake sayar da abin sha, ka ciro waya za ka sa shi cikin taswira: mi da mi za ka rubuta? Sunan shagon kaɗai? Ko har da irin abin da ake sayarwa, da farashi, da lokacin buɗewa, da lambar mai shagon? Wasu na cewa a zuba duk abin da aka sani, wai bayani ba ya yin yawa. Ni ina cikin masu cewa yana yi, kuma ranar da ya yi yawan, mai shagon ne ke ɗanɗana kuɗarsa, wanda ya rubuta yana gida yana barcinsa.

Ga wanda bai san ta ba, OpenStreetMap taswirar duniya ce da jama'a ke zanawa da hannunsu, kamar yadda ake rubuta Wikipedia. Wani ɗan Ingila, Steve Coast, ya fara ta a 2004. Kowa na iya yin rajista kyauta ya ƙara titi, ko rijiya, ko lakkol, ko shago. Kowane abu ɗigo ne ko layi, sai a liƙa masa alamomi da Ingilishi: shop=beverages na nufin shagon abin sha, amenity=cafe wurin da ake zama a sha shayi ko kafe, amenity=bar mashaya. Manhajoji irin su OsmAnd da Organic Maps daga nan suke ɗibar bayaninsu, haka ma ƙungiyoyin agaji da dama, tun daga girgizar ƙasar Haiti ta 2010 da ta nuna wa duniya amfanin abin. A ƙasarmu, inda tituna da yawa ba su da suna, kwatance kuma sai da "ka sauka daga gudron, ka wuce mai shayi, ƙofa ta uku", ɗigon shago a taswira shi ne adireshi. Shi ya sa ba na yarda da masu cewa a bar shaguna a kama manyan abubuwa. Ɗan kabu-kabu da shago yake gane hanya.

Na san abin da ke sa yaranmu cika bayani, don duk wanda ya taɓa aikin ya ji wannan zaƙin. Kana danna shago sai manhaja ta buɗe maka akwatuna jere babu komai cikinsu: suna, waya, lokutan aiki, mamallaki, hanyar biyan kuɗi. Mutumin da ya tashi a lakkol inda barin gurbi a takardar jarrabawa ke jawo sifili, hannunsa ba ya iya ƙyale akwati fanko. Ga kuma gasa: wane ya yi gyara dubu a wata, wance ta fi shi. Sai aikin ya koma cika fom. An manta cewa kowane akwati da ka cika, magana ce ka faɗa wa duniya da yawun wani mutum da wataƙila bai ma san kana yi ba.

Akwatunan nan kuma ba don mu aka ƙera su ba. Alamar shop=beverages ta fi dacewa da irin shagunan Jamus, manyan depo inda mutum ke zuwa da mota ya loda akwatunan ruwa, lemu da giya, ya mayar da kwalaben da ya shanye. Mutanen can har alama suka yi wa wani lemu nasu mai suna Club-Mate, suna bin shago-shago suna rubuta inda ake samunsa. Akwai alamar da ake jera sunayen giyar da mashaya ke zubawa. Duk wannan ya yi musu daidai: shagon yana nan shekara ashirin, yana da allo, yana da takardu, mai shi na murna a tallata shi. Ku duba ma tsarin rubuta lokutan buɗewa. Ya san ranar Ista, yana lissafa ta da kansa kowace shekara, amma bai san azumi ba. Alhali a wurinmu azumi ke juya kasuwar abin sha gaba ɗaya: mai shayin safe ya koma na dare, mai ƙanƙara ya zama sarki daga la'asar zuwa shan ruwa.

To mu mi gare mu? Mai shayi da teburinsa da benci biyu. Mai fura da nono da ke zuwa gindin bishiya ɗaya kullum da hantsi, ta tashi in ƙwaryarta ta ƙare. Butik mai firigo ɗaya a kusurwa, wanda rabin cinikinsa ruwan leda ne na dala biyar da solani. Depo na lemun kwalba. Yarinya mai kula cike da zoɓo da lemun tsamiya da na citta a bakin tasha. Gidan da duk kartiye ya san ana samun ƙanƙara ko kunun zaƙi, amma ba allo, ba ƙofar shago, sai dai ka aiki yaro. Sannan bar mai allo da fitilu. Sannan wani gida can ƙarshen gari da ake dafa burkutu, kowa ya sani, ba mai faɗi. Waɗannan duka "wurin sayar da abin sha" ne, amma wanda ya ce a auna su da mudu ɗaya bai zauna cikin gari ba.

Matsala ta farko mai sauƙin ganewa ce: bayani yana ruɓewa. Titi in ka zana shi yau, bayan shekara goma yana nan. Shago kuwa? Kuɗin haya ya tashi, mai shi ya koma Agadas ko ya tafi Libiya, wurin ya zama na cajin waya, daga nan ya zama na ɗinki. Na taɓa bin wani ɗigo a taswira da zafin watan Afrilu ina neman ruwan sanyi. An rubuta masa komai, har da lokacin da ake rufewa ranar Lahadi. Na tarar da mai faci. Wanda ya cika akwatunan ya yi da zuciya ɗaya, sai dai bai sake komowa ba. Kuma abin da ke ba da haushi, yawan bayanin ne ya sa na amince da ɗigon. Da suna kaɗai na gani, da na yi shakka.

Ku yi lissafi da ni. Mu ƙaddara kartiye ɗaya na da wuraren abin sha 200. In kowanne aka rubuta masa abu 15, an ɗauki alkawarin magana 3,000 ke nan da dole wani ya riƙa komawa yana tabbatarwa. In abu 4 aka rubuta, 800 ne. Mu nawa ne ke wannan aikin a Tawa? Mu nawa a Tasawa ko Ƙonni? Da wane mai a babur, da wane mega a waya? Farashi kuwa kada ma a soma. Kuɗin ƙanƙara a Yamai na iya sauyawa tsakanin safe da maraice in aka ɗauke kuran. Wanda ya rubuta farashin ƙanƙara a taswira ya rubuta a kan ƙanƙarar ne.

Akwai alama ɗaya da nake ganin ta fi goma daga cikin waɗanda muke wahala a kansu, ita ce check_date, wato ranar da ido ya ga wurin na ƙarshe. Shago mai suna, da nau'i, da kwanan watan jiya, ya fi mini shago mai bayani shafi guda wanda ba a san yaushe aka rubuta shi ba. In ka tarar an rufe, akwai yadda ake nuna cewa da can shago ne, yanzu ba ya aiki. Wannan aikin ba ya ƙara wa mutum suna, ba a yi masa tafi a taro, amma shi ke sa a yarda da taswira.

Da ruɓewa ce kaɗai matsalar, da ban ɓata lokacinku ba. Ta biyun ce ke hana ni sakewa.

Mutane da yawa da ke sa bayani ba su san cewa OpenStreetMap ba ta mantuwa ba. Kana tura gyara, cikin ƴan mintuna ya fito ga kowa a duniya. In ka goge gobe, tsohon yana nan cikin tarihin ɗigon, duk mai so zai buɗe ya karanta. Don a ɓoye shi da gaske sai an kai kuka ga wani kwamiti na gidauniyar da ke riƙe da taswirar, kuma ko sun ɓoye, waɗanda suka riga suka sauke kwafi sun sauke. Bayanan Nijar gaba ɗaya ana iya sauke su kyauta, sababbi kowace rana. Magana zarar bunu ce, Hausawa suka ce, to wannan bunun in ya fita har abada ne. Akwai kuma wani shafi, Overpass Turbo, inda wanda ya iya zai rubuta layi biyu ko uku, cikin daƙiƙu a jero masa duk ɗigon da ke ɗauke da wata alama a gari guda, kowanne da wurinsa daidai. Da shi ake gano famfunan da ke kusa da asibiti. Da shi kuma za a iya jero duk butik ɗin da wani ya liƙa wa drink:beer=yes a Damagaram.

Waɗanda suka kai shekara ashirin da biyar a cikinku suna tune da Janairun 2015. Ranar Juma'a 16 ga wata a Damagaram, washegari Asabar a Yamai, zanga-zangar da aka yi kan zanen jaridar Charlie Hebdo ta rikiɗe ta zama ƙone-ƙone. Mutum goma suka rasu a garuruwan biyu. Alƙaluman da ƴan sanda suka bayar daga baya sun ambaci coci 45, otel 5, da wuraren shan giya 36 da aka wawashe aka cinna wa wuta. Manyanmu na Maraɗi kuma suna tune da Nuwamban 2000, lokacin da fushin da aka yi da bikin nuna tufafi na FIMA ya ƙare a kan mashayu, da coci, da gidajen mata masu zaman kansu. Ba na kawo wannan don in tada tsohon miki. Ina kawo shi ne don a ƙasar nan, kalmar "ana sayar da giya a nan" ta taɓa zama dalilin wuta, sau fiye da ɗaya, a rayuwar mutanen da ke karanta wannan rubutun.

Wani zai ce: ai waɗanda suka yi ƙone-ƙonen ba taswira suka bi ba, ƴan gari sun san wuraren. Na yarda. Bar mai allo da kiɗa ba ɓoyayye ba ne, taswira ba ta tona masa komai. Amma akwai bambanci tsakanin abin da kartiye ya sani da abin da aka jera a takarda. Sanin kartiye yana tafe da sanin mutum: an san mai butik ɗin, an san ƴaƴansa, an san shi ke ba da bashin sukari in wata ya yi nisa. Jerin da na'ura ta fitar ba ya ɗauke da ko ɗaya daga cikin wannan, kuma yana isa hannun wanda bai taɓa taka unguwar ba. Mutumin da ke ajiye kwalba goma a bayan firigo yana sayar wa waɗanda ya sani, bai kafa allo ba, ya zaɓi iyakar waɗanda za su sani. Wane ne ni da zan tsallake wannan iyakar don in cika akwati?

Kada a fahimce ni baibai. Hukuncin giya a addini sananne ne, malamai sun yi bayani, ba shi nake tattaunawa ba. Kuma ban yarda da ɗaya ɓangaren ba, masu cewa a share mashayu kaf daga taswira, ko a canza musu alama a ce gidan abinci ne don a rufa asiri ko don kada taswirar garinmu ta "ɓaci". Wannan ƙarya ce, kuma taswirar da ta yi ƙarya a wuri ɗaya ba a yarda da ita a sauran. Bar ɗin da ya kafa allonsa a bakin titi, a sa shi da sunan da ke allon, a ce bar ne. Mai nema ya samu. Mai gudu ma ya samu, don uban da ke neman gidan haya yana da haƙƙin sanin abin da ke maƙwabtaka da ƙofarsa, baƙuwar da ta sauka a gari tana neman wurin cin abinci ita ma gara ta san inda za ta shiga. Abin da nake ƙi shi ne a wuce allon: a shiga ciki a jera irin kwalaben, a rubuta sunan mai wurin, a ƙara da lambarsa, ko a bi ta bayan gida a sa wurin da mai shi bai taɓa bayyanawa ba.

Ma'aunina ke nan, kuma ba ni na ƙirƙiro shi ba. Tsohuwar ƙa'ida ce ta masu taswirar: a rubuta abin da wani mutum dabam zai iya zuwa ya gani ya tabbatar. Ni dai na ƙara matse ta kaɗan saboda yanayinmu. Abin da mai wucewa zai gani daga bakin titi, ba tare da ya tambayi kowa ba, ba tare da ya leƙa bayan labule ba, shi ne na taswira. Abin da sai ɗan unguwa ya raɗa maka, na unguwa ne, a bar musu kayansu.

Wurin da aka fi yin ɓarna ba tare da an lura ba shi ne akwatin suna. Shaguna da yawa ba su da allo, sai mai taswira ya tambayi yaran da ke wurin, su ce masa "shagon ɗan Togo ne", ko "na Kiristan nan", ko su kira sunan matar gidan. Shi kuma ya rubuta haka, yana ganin ya yi aiki mai kyau don ya sa sunan da jama'a ke amfani da shi. Ka ga ya rubuta asalin mutum, ko addininsa, ko sunan matar aure, a wurin da ba a gogewa. In shago ba shi da allo, a bar akwatin suna fanko. Taswira ta yarda da haka, ɗigon zai fito da ƴar alamarsa, ya wadatar. Lambar waya kuma, in ba a jikin bango mai shagon ya rubuta ta da fenti don a kira shi ba, ba tamu ba ce. A nan lambar shago ita ce lambar mutum, da ita yake karɓar kuɗi, da ita iyalinsa ke kiransa. Ƙasarmu na da doka kan kare bayanan mutane tun 2017, da hukumar HAPDP da aka ɗora wa kula da ita. Ko ba don doka ba, kunya ma ta isa.

Matan da ke sana'a cikin gida su ne na fi jin tsoro a kansu. Uwar gida ta sayi firigo da kuɗin adashi, tana ƙulla zoɓo da ƙanƙara, yara na fita da shi talla ko maƙwabta su aiko. Da wannan take sayen sabulu da littafin lakkol. In ka sa ɗigo a kan gidanta, ka nuna wa duniya gidan da ake ajiye ciniki, wanda da rana mata da yara ne kaɗai a ciki. Ka kuma iya jawo mata mai karɓar haraji a kan sana'ar da ribarta ba ta kai jika ɗaya a yini ba, ko rigima da maigidan da bai san an sa gidansa a intanet ba. Ko da ita ta ce a sa, ni sai na zauna na yi mata bayanin cewa ba a cirewa, in ga ko har yanzu tana so. Haka fada. Ana shan shayi a fada, amma fada ba wurin sayar da shayi ba ce. Wanda ya bi fadojin kartiye yana sa su da sunayensu a matsayin wurin shan shayi, jerin wuraren taruwar samari ya haɗa, kuma mu duka mun san irin waɗanda ke son irin wannan jerin in gari ya ɗau zafi.

Yanzu kada ku ce ni ɗan "a rage" ne a komai. Akwai inda nake ganin bayaninmu ya yi kaɗan ƙwarai, abin kunya ma, shi ne ruwa.

A 1854 kwalara ta ɓarke a wata unguwa ta Landan. Wani likita, John Snow, ya bi gida-gida yana sa alama a taswira inda aka mutu, sai ya ga mace-macen sun taru kewaye da famfo ɗaya na titin Broad Street. Aka cire hannun famfon. Abubuwa biyu a labarin ke burge ni. Ma'aikatan wani gidan yin giya da ke kan titin sun tsira, don ba ruwan famfon suke sha ba. Wata mata kuma da ke zaune nesa da unguwar ta mutu, saboda tana son ɗanɗanon ruwan famfon nan, kullum ana kai mata shi a kwalba. Wato abin da ya yi amfani shi ne sanin daga ina ruwan da mutum ya sha ya fito.

Mu kuma kwalara ba labarin littafi ba ce gare mu. A 2018 ta taso daga wajen Madarunfa. A 2021 ta kama mutum fiye da 5,000 a ƙasar, jihar Maraɗi na cikin inda ta fi tsanani. Ranar da amai da zawo ya shiga kartiye, ma'aikacin lafiya ba ya buƙatar sanin ko butik na sayar da lemu kala nawa. Yana son ya san ina famfunan da ƴan ga-ruwa ke ɗiba, wanne ke aiki wanne ya mutu, ina rijiyoyi, a rufe suke ko a buɗe, ina ake ƙulla ruwan leda, ina ake sayar da ruwa jarka-jarka. Duk akwai alamominsu: amenity=drinking_water, shop=water, man_made=water_well, da wadda ke nuna ko ana biya ko kyauta ne. Waɗannan wurare a fili suke, ba sirrin kowa ba ne, ba sa tashi kamar teburin mai shayi, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. A nan ne nake so mu zuba ƙwazon cika akwatin nan. Sai dai ko a nan akwai iyaka: kada wani ya rubuta "ruwan nan ba shi da kyau" a kan sana'ar mutum don ya ji ana faɗi. Ba mu da ɗakin gwaji a aljihu. Mu nuna inda ruwa yake da irin wurin, masu awo su yi awonsu.

To, a aikace, in na tsaya gaban wuri, ga yadda nake yi. Butik mai firigo butik ne, shop=convenience ko shop=kiosk, ba na mayar da shi shagon abin sha don kawai ƙishirwa ce ta kai ni. Depo na lemu shi ne shop=beverages. Mai shayin da ya shekara biyar a kusurwa ɗaya har ana kwatance da shi, ina sa shi, da alamar cewa mai sana'ar bakin titi ne, ba suna, sai in ya rubuta wani abu a jikin teburinsa. Kafin in sa kuma ina gaishe shi in gaya masa abin da nake yi, in nuna masa a waya. Sau da yawa tambayar farko ita ce ko daga ma'aikatar magajin gari nake. Wannan tambayar kaɗai ta isa ta nuna muku yadda mutane ke kallon mai rubuta sana'arsu. In ya ce a'a, na wuce. Wasu abokan aikin na cewa ai abin da ke fili ba ya buƙatar izini, kuma ta fuskar ƙa'idar taswira suna da gaskiya. Amma gobe ni zan sake bi ta titin nan in duba ko yana nan, ba wanda ke zaune a Turai yana gyara daga hoton tauraron ɗan adam ba. Yarinya mai kula da ke yawo ba na sa ta, ba ta da wuri ɗaya. Lokutan buɗewa sai in an rubuta su a ƙofa. Kwanan wata kuwa kullum.

Saura mai fura. Har yau in ka tambayi matasa biyar yadda za a sa wurin fura da nono, amsa biyar za ka samu: wannan ya ce shop=dairy, wancan ya ce amenity=cafe, wani ya ce abincin gaggawa ne, wani ya rubuta "fura" a akwatin suna ya wuce. Sakamakon shi ne ba mai iya neman wuraren fura a taswira ya same su, alhali abin da rabin gari ke sha ke nan da rana. OpenStreetMap ta bar ƙofa a buɗe, kowa na iya ƙirƙiro alama in babu wadda ta dace, a rubuta bayaninta a shafin wiki na taswirar don na baya su bi. Mutanen Jamus sun yi wa lemunsu. Mu ma masu aikin a Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai za mu iya zama, ko a WhatsApp ne, mu tsayar da hanya ɗaya ta fura, ɗaya ta kunu, ɗaya ta zoɓo, mu rubuta da Faransanci da Hausa, mu tuntuɓi na Kano da Katsina tun da furar ɗaya ce. Ni shawarata a ɗauki shop=dairy ga wadda ke da rumfa tsayayya, a ƙara drink:fura=yes, a bar sunanta. Wanda ke da wadda ta fi wannan, ya kawo mu gani.